Tsohuwar Premier ko sabuwar Pearl: suna ake saya ko amo?

Mai Studiyo, Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ganga. Ina so in saka saitin ganguna na gaske a studiyona, domin mawaƙa sun fara tambayar kiɗan hannu, kunnensu ya gaji da na kwamfuta. Abu biyu ne a gabana. Akwai tsohuwar Premier 'yar Ingila a hannun wani dattijo a Sabon Gari, tana sito tun zamanin da ake kiɗan rawa a otal-otal. Guda huɗu ce: babbar ta ƙafa, matsakaita biyu da ake kira tom (ta sama da ta ƙasa), da mai waya, wato wadda aka shimfiɗa wa wayoyi a fatar ƙasa. Fatun duk sun mutu, rigar ta ɗan ɗaye ta wajen haɗi, amma ƙarfen na goga shi da tsumma sai ga fuskata a ciki. Ɗayan kuma sabuwar Pearl Export ce a kwali, za a ɗoro min ita daga Alaba. In na haɗa da kuɗin gyara, farashin ya kusa zuwa ɗaya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar da nake yawan ji, wai gangunan da kowane kamfani da muryarsa, Ludwig daban, Gretsch daban, Premier daban, amma na yanzu tambarin ne kawai ya bambanta. Gaskiya ne, ko son tsohon abu ne kawai?

Ɗan Fiyano, PZ:
Wa alaikumus salam. Yaya, sayi sabuwa ka huta. Kai ko sabuwar ma ni ban ga amfaninta ba. Duk waɗannan sunayen da ka lissafa akwai sautinsu a kwamfuta, an ɗauke su a manyan studiyo da makirfon da mu ba za mu iya saya ba. Danna maɓalli ɗaya, ga Ludwig.

Baba Saje, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yarona Ɗan Fiyano, ka bari mu gama da wanda ya yi tambaya, za mu dawo kanka.

Na yi rayuwata a badujala, kuma yawancin gangunan fareti da suka ratsa hannuna Premier ne. Kamfanin ya fara a Landan a 1922, daga baya masana'antar ta koma yankin Lesta. Ƙyallin da ka gani ba sa'a ba ce, da shi aka san su. Babu wanda ya kai su shafa kurom a wancan zamani, sai ka ga ganga ta sha rana da ruwan damina a filin fareti, tsatsa ba ta kama ta ba. Muryarta kuma a tsuke take, a tsaftace, ba ta da dogon nishi. Ka buga, ta amsa, ta yi shiru. Zoben da ke danne fatar zubi ne mai nauyi, shi ke yanke jelar sautin.

Amma kafin ka miƙa ko kwabo, ɗana, ka duba abu biyu. Dubi kan sandunan ɗauri. In ka ga tsaga kamar ta sukuru maimakon kai mai kusurwa huɗu, tsohuwa ce sosai, makullin zamani ba zai kama ba. Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Kafin ƙarshen shekarun 1960, wasu gangunan Premier awonsu bai zo ɗaya da na Amurka ba. Za ka sayo sabuwar fata mai inci 12 ko 16 ko 20, ka kawo, ta ƙi zama. Kamfanin Remo, masu yin fatar ganga, suna yin fata ta musamman domin irinsu, sai dai ba a shago za ka tarar da ita ba, oda ce daga waje. Ari fatar zamani a wajen wani ka je ka gwada a kowace ɗaya.

Mai Studiyo, Samaru:
Allah ya ƙara girma Baba. Kan sandunan mai tsaga ne kuwa. Gobe in sha Allahu zan gwada fatun.

Injiniyan Sauti, Kongo:
Baba ya ba da amsar aiki. Ni bari in taɓa ainihin tambayar, domin na daɗe ina jin wannan magana kuma rabinta ne gaskiya.

Dalilin da ya sa gangunan da suke da murya daban-daban shi ne kowane kamfani hanya ɗaya ya iya, a kanta ya tsaya shekara da shekaru. Ludwig, wanda aka kafa a Shikago a 1909, a shekarun 1960 jikin gangarsu fallen katako uku ne kacal, galibi icen mahogani a waje da ciki, icen fofla a tsakiya, sai zoben icen mepul da aka manna a kowane baki don kada ta lanƙwashe. Bakin da fata ke zama a kai a dunƙule yake, ba kaifi. Fata ta kwanta sosai a kan ice, sai sautin ya fito da kauri da ɗumi, ba ya tsawo. Wannan mahoganin ma na Afirka ne, dangin maɗacinmu. Gretsch kuwa, da suka fara a Buruklin ta Niyok a 1883, daga tsakiyar shekarun 1950 sun koma falle shida na icen mepul da wani ice da ake kira gam, babu zoben ƙarfafawa, bakin an yanke shi a digiri 30, zoben sama zubi, cikin kuma an shafe da fenti ruwan azurfa. Shi ya sa masu kiɗan jaz irin su Max Roach da Art Blakey da Elvin Jones suka manne mata: ko ka ɗaure ta tamau tana da jiki. Slingerland suna da Radio King, mai waya wadda aka lanƙwasa da katako ɗaya tak. Sonor na Jamus suna da jikinsu mai kauri da nauyi. Yamaha da suka shigo harkar a 1967 suka yi suna da Recording Custom ta icen birc, wadda makaɗi Steve Gadd ya sa duk mai studiyo ya so ta.

To yau fa? Buɗe kundin kayan kowane babban kamfani. Akwai mepul, akwai birc, akwai mahogani, akwai falle uku mai zobe "irin na da", akwai baki mai kaifi digiri 45, akwai dunƙulalle. Kowa yana sayar da hanyar kowa. Idan kamfani ɗaya yana da murya goma, wace ce tasa? Nan ne maganar take da gaskiya.

Inda ba ta da gaskiya shi ne a ce na da sun fi inganci. Ba su fi ba. Injin yau yana yanka baki daidai, ganga tana fitowa da'ira cif. Na da, ganguna biyu daga masana'anta ɗaya a wata ɗaya sai ka ji sun bambanta, wata ma ba ta ɗauruwa sam.

Makaɗin Wusasa:
Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma ban yarda da kai duka ba. Ni nake kiɗa a majami'a, kuma ina zagayawa taron bukukuwa, na zauna a bayan saiti iri-iri. Ka rufe min ido ka sa ni a bayan Yamaha da Tama da Pearl na yau, zan gaya maka wace ce wace. Ba ta kunne kaɗai ba, ta jiki. Yadda feda ke dawowa ƙarƙashin ƙafa, yadda maƙalin tom ke riƙewa ba ya zamewa ana tsakiyar waƙa, yadda noti ke juyawa. Wannan ma ai hali ne na kamfani. Tama da ƙarfin ƙarafunta aka san ta tun da sunan ya fito a 1974. Kamfanin DW, wato Drum Workshop, ma da feda suka fara shahara kafin ganguna.

Injiniyan Sauti, Kongo:
Ɗan'uwa, ka ƙarfafa maganata ne. Ka ce ta ƙarfe da feda kake gane su. Mai sauraro a rediyo ba ya jin feda. Alamar kamfani ta tashi daga murya ta koma ƙarfe da siffa. Tunda ka kawo DW, dubi kunnuwan ɗaurinsu masu zagaye, wato ƙarafan jikin ganga da sandunan ɗauri ke shiga, waɗanda ko daga nesa aka hango an san DW ce. Ba su suka ƙirƙira ba. Na Camco ne, sun sayi injinan Camco a 1977 suka gaje siffar, Tama kuma suka ɗauki sunan.

Kuma ko a zamanin da, suna da maƙeri ba kullum suke ɗaya ba. Jikin Gretsch ɗin nan da ake yabo, wani kamfanin katako ne mai suna Jasper a jihar Indiyana yake yi musu, kuma yana yi wa wasu. Manyan gangunan Yamaha, Sakae ta Osaka ce ta yi musu su shekaru da dama kafin su raba gari, aikin ya koma masana'antar Yamaha a Caina. Ludwig an sayar wa Selmer a 1981, suka bar Shikago. Gretsch ta shiga hannun Baldwin a 1967, sai 1985 iyalin suka dawo da ita. Premier ɗin da muke magana a kai ma ta zauna a hannun Yamaha daga 1987 zuwa 1992. DW ta sayi sunan Slingerland a 2019, ita DW ɗin kuma Roland ta saye ta a 2022. Wato kamfanin da ya fi kowa suna a gangar lantarki shi ne yanzu mai DW. In mutum ya ce min "ina son muryar Ludwig", sai in tambaye shi ta wace shekara, ta wace masana'anta.

Ɗan Fiyano, PZ:
Kun gani ko? Roland ta saye su. Ni me na ce tun farko?

Ɗan Kalangu, Tudun Wada:
Salamu alaikum. Ni ba makaɗin gangar Bature ba ne, kalangu na gada, amma ina bin maganar nan tun safe kuma akwai abin da ba a faɗa ba. Kuna ta ice, ice, ice. Ina fata?

A wajenmu babu tambari a jikin kalangu, amma in an kaɗa a bayan katanga mahaifina zai gaya maka hannun wa ya ɗaura shi. Ice yana da nasa, ba a musu, shi ya sa ake neman alilliba. Sai dai ice ɗaya, ka sauya masa fata, ka sauya tsirkiya, ya zama wani kalangu daban. Fatar ɗan akuya da ta babba ba su magana iri ɗaya. Yadda aka jeme ta, yadda aka kankare gashin, ko an bar ta ta bushe a inuwa ko a rana, duk yana fita a murya. Kotso ma dubi ɗan naken da ake mannawa a tsakiyar fatar, ɗan abu kaɗan, amma cire shi ka ji ko kotso ne. Sannan tamburan fada da ake bugawa da Sallah, wa ya taɓa tambayar wane kamfani ne? Amon ya isa.

Saboda haka tambayata ga Injiniya: waɗancan gangunan da kake yabo, wace fata ke kansu lokacin da aka ɗauki faifan da kuke ji?

Injiniyan Sauti, Kongo:
Malam, wallahi ka taɓo inda ya fi ko'ina. Har tsakiyar shekarun 1950 fatar maraƙi ce a kan duk gangunan nan. Fatar roba ta Mylar sai wajen 1956 da 1957 ta fito, ta hannun Evans da Remo. Duk faifan jaz na kafin nan, abin da kake ji fatar dabba ce. Daga baya kuma ɗabi'ar studiyo ta shigo. A ƙarshen shekarun 1960 Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, tawul ɗin kicin yake shimfiɗawa a kan gangunansa. A shekarun 1970 cire fatar ƙasa ake yi gaba ɗaya, a cusa matashi ko bargo a cikin babbar ganga, a manna salatif. John Bonham, makaɗin ƙungiyar Led Zeppelin, ya bi ta wata hanya, babbar gangarsa inci 26, a ɗaure sama, makirfo a nesa yana ɗaukar ɗakin. Shi da Ringo duk Ludwig suke bugawa. Saurari su biyun ka gaya min ko murya ɗaya ce.

Sunan Ludwig ma ido ne ya fara ɗaukaka shi kafin kunne. A watan Fabrairun 1964 Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, ga sunan Ludwig ɓaro-ɓaro a fuskar babbar ganga. Daga nan oda ta yi wa masana'antar yawa har ana aiki dare da rana.

Inda zan tsaya wa kamfani shi ne mai waya. Supraphonic ta Ludwig, jikin alminiyam, tana da wata tsawa busasshiya wadda ko wace fata ka sa mata sai ta fito, kuma har yau ana yin ta kusan yadda ake yi tun da. Ana yawan cewa babu mai wayar da aka ɗauka a faifai kamarta. A tom da babbar ganga kuwa, fata da ɗauri da ɗaki sun rinjayi tambari.

Anti Mai Waƙa, Wusasa:
Ni mawaƙiya ce, ban san falle uku ko shida ba. Abin da na sani, akwai saitin da in ana bugawa sai na ɗaga murya har maƙogwarona ya yi ciwo, akwai wanda yake bar min wuri. Tsohon saitin da muke da shi a da yana zama a ƙarƙashin waƙa. Sabon da aka sayo yana da ƙara da ƙyalli, amma mu mata masu amshi mun sha wuya kafin makaɗinmu ya sauya fatun ya rage ɗauri. Ƙanena Mai Studiyo, waƙar Hausa kalma ce a gaba. Duk wadda za ka saya, ka sa mawaƙi ya tsaya a gefe ya rera baiti biyu ana bugawa, ka ji ko kalmomin suna fita.

Makaɗin Wusasa:
Gaskiya ne Anti. Fata mai falle biyu mai shafe muka sa, muka ɗan sassauta ta ƙasa.

Kuma a nan ne nake ganin tsofaffin sun dace da mu. Baki mai kaifi na zamani an yi shi ne don sauti ya yi tsawo ya ratsa gita mai lantarki a babban dandali. Mu kuwa ɗakunanmu ƙanana ne, bulo da siminti da kwano, komai dawowa yake. Ganga mai gajeren numfashi ta fi sauƙin sarrafawa a irin wannan ɗaki. Saurari makaɗin ganga Tony Allen a faifan Fela na shekarun 1970. Ba ya dukan ganga da ƙarfi, hannayensa da ƙafafunsa kowanne da abin da yake faɗa, sautin a bushe, gajere, shi ya sa ake jin kowane ɗan taɓi. Da gangar tana dogon nishi da duk ya cakuɗe. Kuma ban taɓa jin wanda ya ce yana son Tony Allen saboda tambarin gangarsa ba.

Baba Saje, Sabon Gari:
Yanzu na dawo kanka, yarona Ɗan Fiyano. Ban raina sana'arka ba, da ita ake ciyar da gidaje a garin nan. Abin da ke cikin kwamfutarka bugu ne da wani ya yi rana ɗaya a wani ɗaki a wata ƙasa, aka adana. Yana da kyau, amma ba ya sauraron mawaƙi. In mai waƙa ya ja baiti, ko ya sassauta murya zai ambaci mahaifiyarsa, makaɗi yana ji, hannunsa yana sauka da kansa. Abin da mawaƙan ke tambayar Mai Studiyo ke nan, ko da ba su faɗe shi haka ba.

Sannan ku duka kun manta hunturu. Tsohon ice mai siririn jiki, wanda aka haɗa da gam na da, in iskar Disamba da Janairu ta bi ta kansa, zoben ciki yana iya rabuwa da jiki. Sa yatsa ka zagaya cikin bakin, in ka ji rata ko ka ga haske ta tsakani, sai an sake mannawa an matse da kilam, wato ƙarfen matsi. Cire fata ka kifa gangar a kan gilashi ko tayil mai santsi, ka sa tocila a ciki. Inda haske ya fito da yawa ta ƙasa, bakin ya lalace a nan. Ka kuma duba gara, tunda a sito take.

Mai Studiyo, Samaru:
Jama'a na dawo daga Sabon Gari. Mai waya ta karɓi fatar zamani lafiya lau. Tom ta ƙasa ta ƙi, ta sama ma haka, babbar ban samu fatar gwaji ba. Gwajin tocila na yi, haske kaɗan ne a wuri ɗaya a tom ta sama. Babu gara, alhamdu lillahi. Zoben ciki na babbar ya ɗan buɗe kamar faɗin farce. Tsofaffin fatun na dabba ne, a naɗe a kan wani siririn zoben katako, zobban kuma suna nan ba su karye ba.

Gaskiya jikina ya yi sanyi da maganar odar fata daga waje.

Ɗan Kalangu, Tudun Wada:
Kada jikinka ya yi sanyi, Malam. Tunda zobban katakon suna nan, an gama. Kada ka yar da su ko ɗaya. Jiƙa fata ake yi ta yi laushi, a shimfiɗa, a ɗora zoben, a riƙa cusa gefen a ƙarƙashinsa da bayan cokali har a zagaye, a bar ta ta sha iska a inuwa. Fatar akuya muna da ita a ƙasar nan wadda duniya ke nema. Ta tom ba za ta gagara ba. Babbar ce sai an nemo ta maraƙi mai faɗi wadda ba ta da tabon wuƙa. Abin da zan gaya maka tun yanzu, fatar dabba tana bin yanayi. Da damina za ta saki, sai ka ƙara ɗauri ko ka ɗan nuna mata rana. Da hunturu za ta ɗaure kanta, in ka tashi aiki ka sassauta, in ba haka ba ka wayi gari ta tsage.

Injiniyan Sauti, Kongo:
Wannan shawara ta fi odar waje, kuma ita ce za ta kai ka kusa da yadda gangar take magana ranar da aka ƙera ta. Amma in faɗi gaskiya, Yaya, in studiyon ne abincinka kuma saiti ɗaya za ka iya saya, Export ba abin rainawa ba ce. Tun farkon shekarun 1980 ta fito, kayan gyaranta ko'ina akwai, kowane makaɗi ya zauna zai gane ta. Mawaƙi ya biya kuɗin awa, ba zai jira ka kana shanya fata ba. Ni da zan samu, mai wayar Premier ɗin da tom ɗin zan karɓa in dattijon zai raba, in haɗa da ƙarafa da feda na zamani, domin ƙarafan da sirara ne, ba sa jure dukan yaran yanzu.

Baba Saje, Sabon Gari:
A'a Injiniya, kada a raba ta. Abin da ya zauna tare fiye da shekara hamsin a bar shi tare. Feda da sandunan da ke riƙe faifan ƙarfe na kiɗa a sauya, wannan na yarda.

Makaɗin Wusasa:
To ga shawara, tunda kowa ya kafe. Akwai Export a wajen wani abokina a Kwangila, zai ba mu aro. Malam Ɗan Kalangu ya ɗaura wa tom ɗin Premier fata, a kai duka biyun studiyon Samaru. Ni zan buga, kiɗa ɗaya, sanda ɗaya, makirfo a wuri ɗaya. Anti ta rera baiti a kai. A turo sautin nan ba tare da an faɗi wace ce wace ba, kowa ya zaɓa.

Injiniyan Sauti, Kongo:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. In Premier tana da fatar akuya, Export tana da roba, fata muka gwada, ba kamfani ba. A ɗaura wa tom ɗaya ta Export fatar akuya ita ma, mai wayar kuma a sa musu fatar roba iri ɗaya tunda duk suna karɓa. Sai a ɗauka sau biyu.

Ɗan Kalangu, Tudun Wada:
Ba matsala. A kawo min tsohuwar fatar roba da ta fashe mai awon tom ɗin, zoben alminiyam ɗinta zan duba ko zai riƙe, in bai riƙe ba kafinta ya lanƙwasa mana na katako. A ba ni mako biyu, don fatar ba ta son gaggawa.

Ɗan Fiyano, PZ:
Ku sa nawa na kwamfuta a ciki ya zama na uku, kada ku faɗa wa kowa. In Baba ya gane shi a cikin ukun, ni zan ɗauki nauyin kuɗin fatar.

Baba Saje, Sabon Gari:
Na karɓa, ɗana. Amma Anti ta rera da ranta, ta ja inda take so ta ja, kada a sa mata na'urar ƙidaya a kunne.